Zarton da Bai Koma Sama Ba

Duk wanda ya san bayan tashar mota ya san Mai Zarto, ko da bai taɓa sayen katako a wurinsa ba. Dogon tsoho ne mai faɗin kafaɗa da manyan hannuwa. Kullum yana zaune a kan benci a ƙarƙashin rumfar kwano, kusa da wani dogon rami wanda yanzu ba komai a cikinsa sai leda da busasshen ganye, wani lokacin da kaza mai neman wurin saka ƙwai. Sana'ar da ta ba shi sunan ta mutu ta bar shi. Tun da injin tsaga katako ya shigo gari, ba wanda ya ƙara mirgino gungume bakin ramin nan. Abin da yake yi yanzu shi ne gyaran ƙafar kujera, da sa wa guduma ƙota, da yi wa masu wucewa bayanin cewa katakon inji ba katako ba ne. Mutumin kirki ne, wannan ba musu. Amma in taurin kai ake nema, a zo da buhu a ɗiba, ba zai ƙare ba.

Su biyu ne a wurin ubansu, shi da ƙaninsa wanda kowa ke kira Auta. Uban ne ya haƙa ramin, shi ya koya musu aikin. Ana ɗora gungume a kan bakin rami, a shafa wa zare gawayi, a ja shi a sake, ya bar baƙin layi a jikin iccen. Sai mutum ɗaya ya hau kan gungumen, ɗayan ya shiga ƙarƙashinsa, su kama dogon zarto mai hannu biyu. Na ƙasa ya ja ƙasa, na sama ya ja sama. Doka ɗaya tsohon ya kafa musu, da baki da kuma ranƙwashi: kada wanda ya kuskura ya tura. In ka tura, ƙarfen zai lanƙwashe ya cije a cikin icce, layi ya karkace, wataƙila ma haƙoran zarton su sami ɗan'uwanka. Ka ja naka, ka sassauta hannu, ka jira shi ya ja nasa. Aikin ke nan gaba ɗaya.

Ranar farko uban ya ɗora babban a sama, ya saka ƙaramin a rami, domin na sama ne ke kallon layi, kuma a lokacin Auta bai isa riƙe layi ba. Uban ya rasu, Auta ya yi gemu, ya yi aure, amma bai fito daga ramin ba. Na sama yana shan iska, yana gaisawa da masu wucewa. Na ƙasa kuwa garin katako ne ke zubo masa tun safe har yamma, ya shiga ido, ya shiga hanci, ya shiga wuyan riga. Auta yakan fito fari fat, yana tari yana dariya. Hannunsu ya zo ɗaya yadda ba a cika samu ba. Auta yana da wata 'yar tsayawa a ƙarshen kowane ja, kamar mai haɗiyar numfashi, kuma yayan yakan ce ko an rufe masa ido zai gane jan ƙaninsa a cikin mutum ɗari. In rana ta yi sanyi suka tashi daga aiki, kafin Auta ya fito sai ya zaro magagari daga aljihu, wato ƙarfen da ake wasa haƙoran zarto da shi, ya miƙo wa yayansa daga cikin ramin. Yayan ya zauna ya wasa zarton, ya gama ya mayar masa. Ba sa cewa komai. In Auta ya miƙo magagari, gobe akwai aiki tare ke nan.

Wata rana da yamma Auta ya fito yana murza ido, ya ce, "Yaya, gobe ka bar ni in hau sama mana. Ko na yini ɗaya ne. Ƙirjin nan ya fara damuna."

Mai Zarto ya yi dariya, ba don mugunta ba, don dai a kunnensa maganar ta yi kama da wasa. "Kai ka hau sama? Sai mu sayar wa mutane katako mai kama da wutsiyar kare. Inda Baba ya ajiye kowa, nan zai tsaya."

Akwai mutane a wurin, suka taya shi dariya, Auta ma ya yi murmushi. Bayan wasu watanni ya sake tambaya, ya sami amsa iri ɗaya, daga nan bai ƙara ba. Ranar da ya daina tambaya ita ce ranar da ya kamata yayan ya tsorata, amma shi a ganinsa yaro ya yi hankali. Ba a daɗe ba aka ji wani kamfanin katako a wani gari mai nisa yana ɗaukar ma'aikata. Auta ya haɗa kayansa, da matarsa da jaririyarsu, ya zo yin sallama. Yayan yana kan gungume, ko saukowa bai yi ba.

"Tafi wurin injin," in ji shi. "In ya cinye maka yatsu, kada ka kawo mini dungu."

Auta ya ɗaga kai ya dube shi daga ƙasa, yadda ya saba dubansa, sannan ya juya. Zarto ya zauna a wurin babba, magagari ya tafi a aljihun ƙarami.

Mai Zarto ya gwada wasu a ramin. Wani ya yi 'yan kwanaki ya gudu, wani ya kasa barin turawa, wani ya ce shi ba ɓera ba ne. Kafin ya sami wanda hannunsu zai daidaita, inji ya iso garinsu ma, magana ta ƙare. Ya shafe zarton da baƙin mai, ya rataye shi a jikin rumfa.

Kada a zalunci Mai Zarto, ya je wurin ƙaninsa sau ɗaya. Lokacin da matar Auta ta rasu, ya shiga mota ya yini a hanya, ya zauna kusa da ƙaninsa ya yi masa ta'aziyya. Auta ya amsa da ladabi, ya sa aka kawo masa ruwa da abinci, amma wanda ya binne matarsa jiya ina ya ga bakin hira? Mai Zarto bai duba wannan ba. Ya dawo gida ya ce wa matarsa, "Na ja nawa. Saura shi." Haka ya ɗauki zumunci, kamar aikin rami. Ya je, yanzu sai ƙanin ya zo, in kuwa ya sake zuwa, ya tura ke nan. Ya sassauta hannu ya zauna jira. Da waya ta shiga hannun kowa, 'ya'yansa suka ce bari su nemo masa lambar ƙaninsa, ya ce wanda ya san hanyar gidan ubansa ba ya buƙatar lamba.

Ana nan, bayan shekaru, wani direban babbar mota ya tsaya a bakin rumfar ya miƙa masa wani abu a naɗe cikin tsumma. Ya ce wani mutum ne a garin kamfanin katako ya ce a ba Mai Zarto, kuma bai haɗa da saƙon baki ba. Ya warware, sai ga magagarin ubansu, ƙotar ta yi baƙi ta yi santsi don riƙo. Ya murtuke fuska ya shiga gida da shi.

"Kin gani ko? Abu ɗaya da ya rage a hannunsa na gidan nan, ya dawo mini da shi. Ya yanke ke nan."

"Ka je ka ji daga bakinsa mana," in ji matarsa.

"Shi ba shi da ƙafa ne?"

Ya jefa magagarin cikin akwatin kayan aiki, ƙusoshi suka rufe shi. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma ya ɓoye ɓacin ran yadda maza irinsa ke yi, wato ya riƙa yi wa kowa faɗa har tsawon wata guda.

To, kwanakin baya ne abin ya faru. Rana ta take, ya ci abinci, ya kishingiɗa a kan bencinsa, barci ya sace shi. Da ya farka sai ya ga hannayensa biyu a dunƙule a gaban ƙirjinsa, yana ta ƙifta ido, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya tattara kayan aiki ya nufi gida tun rana ba ta karkata ba, abin da bai taɓa yi ba. Matarsa tana tsakar gida tana wanki.

"Lafiya? Ko ƙafar kujera ce ta ƙare a duniya?"

"Ajiye wankin nan ki saurare ni. Mafarki na yi."

"Da rana tsaka? Ai wannan ƙoshi ne, ba mafarki ba."

Bai yi dariya ba. Sai ta tsame hannu daga ruwan sabulu, ta goge a zaninta, ta jawo masa kujera.

"Na gan ni a cikin ramin," in ji shi. "Ni, a ƙasa. Kin san tun da aka haife ni ban taɓa tsayawa a wurin ba. Ga gungume a saman kaina, ƙato, irin wanda ba a samu yanzu, sabon sara, har ruwansa yana ɗigo mini a kafaɗa. Ina riƙe da hannun zarto na ƙasa. Akwai mutum a sama, amma rana tana bayansa, ban ga fuskarsa ba, sai ƙafafunsa a kan iccen. Muna ta aiki, in ja, ya ja. Wallahi na daɗe ban ji zarto yana tafiya da daɗi haka ba. Garin katako yana zubo mini, da ɗuminsa da ƙamshinsa. Yana shiga idona, ba halin in goge, don in na saki hannu aiki ya tsaya. Can sai na ja ƙasa, na sassauta, ina jira ya ja sama. Shiru. Zarton yana hannuna, bai koma ba. Na ce to, gyara tsayuwa yake yi. Na ƙara jira. Abin da ya ba ni tsoro, zarto a tsaye yake cik, amma garin bai daina zuba ba. Ya rufe mini ƙafa, ya zo gwiwa, ya zo ƙugu. In na buɗe baki zan yi kira, sai ya cika. Zuciyata tana ce mini tura mana, ɗan tura kaɗan don ya san kana nan. Hannuna ya ƙi. Ya zo mini nan," ya taɓa maƙogwaronsa, "sai na farka."

Matar ta yi tagumi tana kallonsa. "Wa ke saman?"

"Na ce miki ban ga fuskarsa ba."

"Jan nasa fa? Kai da kake cewa ko ido rufe kana gane jan mutum."

Ya kawar da kai yana kallon igiyar shanya. Ya gane. Tun ja na farko ya ji 'yar tsayawar nan a ƙarshe, amma wannan ya bar wa cikinsa.

"Ni dai so nake in san ma'anarsa," in ji shi. "Ko ajalina ne ya matso?"

"Ni ban iya fassarar mafarki ba. Amma da garin ya shiga idonka, akwai zafi?"

"Kamar an watsa mini barkono."

"To," in ji ta, ta mayar da hannu cikin ruwan wanki.

Wannan "to" ɗin ta hana shi sakat. Washegari ya kai mafarkin wurin amininsa Mai Aski, wanda shagonsa ke kallon rumfar, mutumin da ba a taɓa kawo masa tambayar da ya ce bai sani ba. Ya zauna a kujerar aski, aka yafa masa zane, ya sake ba da labarin tun daga ɗigon ruwan icce har zuwa maƙogwaro. Mai Aski yana saurare yana wasa reza.

"Wannan ai a fili yake. Abin da ke zubo wa mutum daga sama har ya rufe shi, arziki ne. Ka fara tunanin wanda za ka tuna da shi, ni dai ka san shagona."

"Ramin fa?"

"Rami kam, ka san inda kowa zai je. Amma kai da ko mura ba ta kama ka, wane irin rami? Wataƙila rijiyar gidanku ce take son yasa."

"Mutumin da ke sama, da ya daina ja fa?"

"Gajiya ya yi. Wa zai yi aiki da kai bai gaji ba?"

Da wasa ya faɗa, amma da ya ga fuskar abokinsa a madubi sai ya mayar da hankali kan reza. Ya gama askin ba tare da ya ƙara ko kalma ba, wanda a wurinsa wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Mai Zarto ya tsallako titi ya tsaya a bakin ramin. Arziki bai dame shi ba, kabarin ma da aka nuna masa da gefen baki bai tsorata shi yadda ya zata ba. Abin da ke cin sa shi ne hannun nan da ya daina ja. Ya duba hagu ya duba dama, ya tattare riga, ya zauna a bakin ramin, ya zura ƙafafu, ya sulale ciki.

Ashe wurin ƙunci ne haka. Kafaɗunsa suna gogar bango ta kowane gefe, iska ba ta shigowa, hayaniyar tasha ma sai ta koma can nesa. A jikin bangon akwai wani ɗan gurbi da aka ƙwaƙule, daidai wurin ajiye gorar ruwa. Kusa da shi ƙasar ta lotsa ta yi sumul, inda bayan wani mutum ya yi shekaru yana jingina. Ya juya ya jingina nasa bayan a wurin, sai ya ji lotsawar ta tsaya masa ƙasa da kafaɗa, domin Auta bai kai shi tsawo ba. Ya ɗaga kai. Daga nan ba a ganin masu wucewa, ba a ganin rumfa, sai tsirin sama. Wanda ya tsaya a nan, duk yininsa ba abin da zai gani sai ƙafafun wanda ke kansa. Tausayin ƙaninsa ya kama shi, irin wanda ya makara da shekaru, har sai da ya dafa bango.

Shiga ta yi sauƙi, fita ta gagara, gwiwoyi suka ce ba da su ba. Mai Aski ne ya leƙo ya same shi.

"Ikon Allah! Mafarkin ka zo gwadawa?"

"Miƙo hannu, ka bar surutu."

Da aka jawo shi, bai ko kaɗe rigarsa ba. Ya buɗe akwatin kayan aiki, ya tone ƙusoshi, ya ciro magagarin ya sa a aljihu. Shi kansa bai san me zai yi da shi ba. Da ya gaya wa matarsa gobe zai yi tafiya, ba ta tambaye shi ina ba, ta tashi ta ɗauko masa rigarsa ta fita ta hau guga.

Kamfanin katakon ya daɗe da rufewa, ciyawa ta cinye ƙofarsa. Da tambaya ya sami gidan, wani gidan haya mai ɗakuna a jere a bayan katangar kamfanin. Wata mata tana zaune a ƙofar ɗaki tana ɗinki da keke. Ta ɗago ta dube shi, ta dubi kafaɗunsa da hannayensa, ƙafarta ta tsaya a kan keken.

"Baba ne?"

Jaririyar nan ce da aka tafi da ita a goye, ga ta yanzu da 'yar furfura a gaban goshi. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya tambaye ta ina ubanta, yana jiran kalmar da ya yini a mota yana tsoro.

"Yana ciki. Amma Baba, bari in gaya maka kafin ka shiga, kada ka firgita. Ƙirji ne ya fara kayar da shi, har ya bar aiki. Likita ya ce ƙura ce ta shekara da shekaru ta taru masa a huhu. Bara kuma ya faɗi a nan bakin ƙofa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ma sai ya yini bai yi ba. In ya yi, kalma ɗaya ce ko biyu, da ƙyar."

Mai Zarto bai tambayi wace ƙura ba. Ya sa hannu a aljihu don ya sami abin riƙewa, sai ya fito da magagarin. Matar ta gan shi, ta dafe ƙirji.

"Ashe ya iso? Mu mun ɗauka direban ne ya yar da shi."

"Ya iso."

"Ranar da likita ya gaya masa maganar huhun ya ba da shi. Na ce Baba, a haɗa da saƙo mana. Ya ce ba sai an haɗa ba, Yaya zai gane. Daga ranar kullum sai ya sa na fitar masa da kujera bakin titi, duk motar da ta tsaya sai ya miƙe. Har damina ta zo ta wuce yana zama. Daga baya ya ce direban ne bai kai ba, don in da ya kai, da Yaya ya zo."

Tsohon ya tsaya da ƙarfen a tafin hannunsa. Sau nawa aka miƙo masa wannan abu daga cikin rami, kuma sau nawa ya san abin da ake nufi ba tare da an faɗa ba? Ƙaninsa ya ja nasa tun tuni. Shi ne ya riƙe zarton a hannu, yana zaune a kan benci yana cika baki wai jira yake. Kunya da baƙin ciki suka haɗu suka rufe shi, kamar garin katakon mafarkinsa.

Ɗakin ƙarami ne, da taga ɗaya da warin magani. Auta yana kwance a kan dogon gadon ƙarfe, an tokare masa baya da matasai. Ya rame har ba a cewa komai, gefen bakinsa ya karkace, numfashinsa yana fita da ƙara. Hannunsa na dama yana ajiye a kan bargo ba motsi. Abin da Mai Zarto ya fara dubawa yatsun ne. Suna nan cif, inji bai ci ko ɗaya ba.

Idon Auta ya sauka a kansa ya tsaya. Leɓensa ya motsa, ba abin da ya fito.

'Yar ta jawo kujera. "Zauna, Baba."

"Bar ta."

Ya tattare riga ya zauna a ƙasa, a kan siminti, dab da ƙafar gadon, yadda sai ya ɗaga kai kafin ya ga fuskar ƙaninsa. Duk maganar da ya tsara a mota ta gudu. Ya ajiye magagarin a kan bargo inda Auta zai gan shi. Akwai sandar dogarawa a jingine da bango. Ya jawo ta, ya ɗora kanta a tafin hannun Auta na hagu, ya naɗe masa yatsu a kai, shi kuma ya kama ƙasanta da hannu biyu.

"Yau kai ne a sama," in ji shi. "Kalli layi da kyau."

Ya ja sandar ƙasa a hankali, ya sassauta. Ba abin da ya faru. Can sai ya ji ta motsa, ta ɗan yi sama, da rawa da rauni, kamar jan ƙaramin yaro. A ƙarshen jan ta ɗan tsaya. 'Yar tsayawar nan ce, ba ta canja ba. Hawaye suka zubo wa Mai Zarto, ba halin ya goge, don hannayensa biyu suna kan aiki. Ya ja, Auta ya ja. Ya ja, Auta ya ja. 'Yar tana bakin ƙofa ta toshe baki da gefen mayafinta, ba ta gane me suke yi ba, amma ba ta hana ba.

Ba su yi nisa ba ƙarfin Auta ya ƙare. Mai Zarto ya ja ƙasa, ya sassauta, sandar ta zauna a hannunsa ba ta koma ba. Ya ɗaga kai. Hasken taga yana bayan gadon, fuskar ƙaninsa ba ta ganuwa sosai, sai ƙarar numfashi. Yatsun suna nan a kan sandar, suna ƙoƙari, hannun ya ƙi ɗaguwa. Ya jira kaɗan, don jiki ya saba. Sannan ya gyara riƙo, ya tura sandar sama a hankali, har hannun Auta ya ɗagu tare da ita.

Bakin Auta ya yi ta motsi, ya tattaro duk abin da ya rage masa. Maganar ta fito a karkace, amma an ji ta.

"Yaya... ba a... turawa."

"Na sani," in ji Mai Zarto. "Riƙe dai."

Ya jawo ta ƙasa, ya sake turawa.